Jam Ɗin Da Ke Tokare Ƙofa

Ni da na tuƙa tuwon suna na mutum hamsin a Kano, jam ne zai gagare ni? Da zafi ya shigo na sayo 'ya'yan itacen peach kwali guda a kasuwar titin Fordham Road, nan Amurka, na cire ƙwallayen, na zuba sukari, na ɗora.

'Yata Ummi tana duba waya ta ce, "Mama, minti ashirin aka ce a sauke."

Na ɗaga muciya, na ga abu yana zuba tsululu. Na ce, "Wannan ai kunu ne, kauce min." Na yi ta tuƙi sai da muciya ta tsaya da kanta. Na ɗura a kwalabe, na bi matan benenmu hawa-hawa ina rabawa, har da cewa su daina sayen na kanti.

Washegari maƙwabciyata Hajiya Rabi ta ƙwanƙwasa min ƙofa, riƙe da lanƙwasasshen cokali. "Maman Ummi, da guduma ake cinsa?"

Har yau kwalbar ce ke tokare mata ƙofa, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata. Ni dai a nuna min jam ɗin kanti da ya shekara uku yana aiki.