Ƙuri'ar Nuala

"…ina kwana, tsohuwar amarya? Haƙoran sun kwana lafiya a kofi?"

"Sun fi ka lafiya, mijin banza. Gaisuwa ce ko yunwa?"

Tun asuba ake yayyafi a garin Sligo. Yau ce ranar ƙuri'a kan gyaran yarjejeniyar Tarayyar Turai, don a ba ta ikon kula da ma'aikacin da ya ji rauni a ƙasar da ba tasa ba. Fergal ya dawo daga aiki a ƙasar waje, a tashar jiragen ruwan Rotterdam, inda inji ya cinye masa yatsu uku. Can aka ce ya tafi gida, gida aka ce ya koma can. Daɗewarsa a waje kuma ta sa an cire sunansa daga rajistar zaɓe. Kakarsa Nuala ce ke da ƙuri'a, ita kuwa duk yarjejeniyar da aka kawo "A'a" take zaɓa.

"Aron ƙuri'arki na zo," in ji Fergal.

"Kai! Ana aron zani, ba a aron wannan. Manyan Tarayyar da ke Brussels, da ba su san farashin dankali ba, su zan miƙa wa tsufana?"

"Wane tsufa ya rage? Ke da kika yi wa Annabi Nuhu rakiya."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Da wannan tabarau? Jiya fa kika gai da akwatin wasiƙa."

"Ya fi ka amsa gaisuwa. Zo ka ɓalla mini maɓallin kwat, in je in ƙi su da wuri."

Fergal ya matso. Ya kama maɓallin, ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa. Ruwa na ɗiga a taga. Nuala ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta ɓalla da kanta.

"Idan aka ce 'I', yatsun za su tsiro?"

"A'a, Kaka. Sai dai a samu ofis ɗaya da ba zai kore ni ba."

Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba, ta tura masa burodi da man shanu.

"Ci, raggo. Shekara hamsin ina ce wa Turai a'a, yau miji mai yatsu bakwai ya kayar da ni. Riƙe lema, da hannun kirkin."