Ranar da Na Ɓoye Robar Fitsari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matata Rakiya ta yi naƙudar fari ba, kuma ko na manta, matan garinmu za su tuna mini.

Lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Ibohamane, kowa Mushe (wato malam, da Faransanci) yake kirana, ni ma ina jin kaina. Da hantsi muka kai Rakiya asibitin haihuwa a Keita, tare da mahaifiyarta, Inna, wadda tun da na auri ƴarta ba mu taɓa haɗa ido ba saboda kunyar surukuta. Naƙuda ta yi tsawo. Can ungozoma ta leƙo ta miƙo mini takardar magani, ta ce in yi sauri.

Mai farmasi ya haɗo mini safar hannu, da ruwan ƙari, da wata siririyar roba. Na tambaye shi amfaninta (da Faransanci, don ya san da wa yake magana). Ya ce a hanyar fitsari ake sa ta.

Ni dai a sanina, da gemuna da takardar malantata, hanya ɗaya mace take da ita, ta nan fitsari, ta nan haihuwa. (An yi mana darasin a kolej. Ranar da malamin ya zana hoton a allo, mun sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya har aka buga ƙararrawa.) Sai na ce a raina, wato toshe wa ɗana hanya za su yi? Na zare robar na cusa a aljihu, na kai sauran.

Ba a jima ba ungozomar ta fito baranda, inda mata suka cika tabarmi da kwanonin abinci.

"Mushe, ina robar?"

"Madam, ba ni ba da ta. In kunka toshe hanyar da roba, ta ina ɗan zai hito?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mi kac ce?" in ji ungozomar.

Jama'a, maimaitawa na yi. Da ƙarfi, har da ɗaga yatsa kamar ina gaban aji.

"Kawo nan!" ta daka mini tsawa. "Hitsari hanyatai daban, haihuwa hanyatta daban! Mahitsara na gaba, mahaifa na bayanta, kowace da ƙohwatta. Mahitsarar ce tac cika tat tare ma kan ɗa, ita muka son ragewa. Kai ne kat toshe hanya, ba roba ba!"

Na ciro robar daga aljihu, ta fizge ta shige. Wata tsohuwa ta fara dariya har da tari, sauran suka kama. Amma ni kunyar ba ta ma samu wurin zama ba, tsoro ya riga ta. Idan jinkirin da na jawo ya taɓa Rakiya ko abin da ke cikinta fa? Na tsuguna gindin bango, ban san adadin addu'o'in da na karanta ba, wasu ma na cakuɗa su.

Sai kukan jariri. Mace ce, ita da uwar lafiya lau. Na yi hamdala, hawaye na zuba, ina tsammanin shi ke nan an manta da ni.

Ina! Inna, wadda ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ta juya ga ta kusa da ita, ta ɗaga murya daidai yadda zan ji:

"Ku ce ma Mushe shi kwantar da hankalinai. Ɗiyar ta gane hanya da kanta, ba ta jira darasinai ba."

Ranar suna ko mai yankan rago sai da ya tambaye ni ko hanya ta buɗe.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna: in masu aiki suka aike ka, ka kai musu saƙonsu cikakke. In kuwa dole sai ka ɓoye wani abu a aljihu, to bakinka ya fi cancanta.