Dogon Yaro a Wutar Layya

Na manta da abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata a manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da Sallar Layyar da aka damƙa mini wutar layinmu ba. Har yau in iska ta kwaso mini hayaƙin ɗanyen itace, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Bari in fara da yadda muke yi a unguwarmu ta Zongo, domin wanda ba ɗan nan ba ba zai gane girman ɓarnar ba. Iyayenmu daga Nijar suka zo Wagadugu, kuma da al'adarsu suka zo. Ran Sallah ba ma yanyanka rago mu soya. Feɗe shi ake yi, a ware shi, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, sannan kowane gida ya fito da nasa a jingina su kewaye da wuta guda a tsakiyar layi. Ragunan suna tsaye a gefe, zafi yana ratsa su a hankali tun daga hantsi har faɗuwar rana. Ranar kayan ciki kawai ake ci. Da yamma a sauke, sai washegari da safe a yanka, a raba wa dangi da maƙwabta da mabuƙata. Ke nan naman zai kwana, kuma in bai gasu har ƙashi ba, ba zai kai safe lafiya ba.

Tun kafin a haife ni, a ƙofar gidanmu ake hura wannan wutar, kuma Babana ne mai ita. Tsohon direban babbar mota ne, ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, amma ran Sallah ko liman sai ya tambaye shi kafin ya matsar da ragonsa. Ƙasar ƙofar gidanmu ta yi baƙi ta taurare saboda wutar shekara da shekaru, kuma Inna takan share wurin da wani irin alfahari da ba ta yi wa tsakar ɗakinta.

A shekarar da nake magana, Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke, sai gurnani da sandar da yake riƙewa da hannun hagu. Da Sallah ta matso, maƙwabcinmu Kawu Isa, wanda suka zo daga gari ɗaya da Baba, ya shigo gaisuwa ya ce wa Inna, "Hajiya, bana a kawo wutar ƙohwata, ku ji da mai jiki."

Da ya fita Inna ta dube ni, idonta ya ciko. "Yana raye za a ɗauke masa wuta daga ƙofa? Yana kallo?"

Ni kuwa sai na buga ƙirji. Na ce wuta ba ta zuwa ko'ina, ai Baba ya haifa. (Abin da na sani game da wutar nan shi ne, tun ina ƙarami nake zama kusa da ita ina cin hanta. A tunanina wannan shi ne koyon aiki.)

Yadda Baba yake yi, tun ana saura wata biyu yake fita bayan unguwar Tangin, inda masu amalanken jaki ke shigowa da itace daga ƙauye. Ba ya sayen komai sai marke da ƙirya, busassu ƙayau. Yakan ɗaga gungume ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi ya saurara, ya kankare ɓawon ya shinshina. Masu kaurin cinya su ne gindin wuta, su ke yin garwashin da zai wuni. Masu kaurin dantse na ƙari ne lokaci-lokaci. Ƙirare kuwa ɗan runguma ɗaya, na kunnawa kawai. Duk wannan na gani da idona sau ba adadi, kuma duk na ɗauke shi a matsayin fitinar tsofaffi, irin ta mutumin da ba shi da abin yi da yamma.

A bana ɗin itacen kirki ya yi wuya, hanyoyin daji ba lafiya, amalanke ba sa shigowa kamar da. Ga Sallar ta faɗo farkon damina. Ina cikin jan ƙafa, yau in ce gobe, sai abokina Rasmane na unguwar Dasasgo ya kira ni. Ya sare wata ƙatuwar bishiya a gidansu zai gina shago. "Mon frer, zo da babur ɗinka ka kwashe, kado ne, kyauta na ba ka!" Dogon yaro ce, wato darbejiya, ba ta fi 'yan makonni da faɗuwa ba. Da babur mai ƙafa uku nake dakon kaya, don haka na yi ta jigila har na tara tulin da ya fi na Baba tsawo.

Ban tsaya nan ba. Na lura itacen da sauran danshi, sai dabara ta zo mini: in na faskara shi ƙanana, zai fi saurin bushewa, ya fi saurin kamawa. Na kwana biyu ina sara har hannuna ya yi kanta. Na mayar da bishiya guda 'yan faskare-faskare, kowanne bai wuce kaurin muciya ba, na jera su tsaf, na rufe da tamfol saboda ruwa. Na tsaya na dubi aikina na ji tausayin Baba, da ya yi shekaru yana wahala da gungume alhali ga hanya mai sauƙi.

Ran Sallah bayan an sauko daga idi aka yi yanka, aka feɗe, aka fito da raguna. Muka ɗauko Baba a kujerarsa muka zaunar da shi a bakin ƙofa, cikin farar riga, Inna ta sa masa hula ta gyara. Ni kuma na yaye tamfol kamar mai buɗe sabuwar mota.

Kawu Isa ya tako, ya ɗauki faskare ɗaya, ya juya shi, ya kai hanci.

"Ɗana, wanga icce na mi ne? Tuwo za a yi?"

"Na gashi ne, Kawu."

"Dogon yaro ne fa. Kuma ɗanye. Ina da gungume huɗu-biyar a gida, bari a ɗauko a sa ƙasa, ko Allah ya sa a rufa asiri."

Da na ce to, da wannan labarin bai kai a ba da shi ba. Amma a kunnena abin da na ji shi ne mutumin da ya so ɗauke wutarmu yana neman shigo da itacensa ta bayan gida. Na ce, da muryar da har yau nake jin kunyarta, "Kawu, sa ba ale, ba damuwa. Ƙofar nan ba ta taɓa aron itace ba."

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya sa hannu ya ciccibi ragonsa ya koma ƙofarsa. Gida ɗaya ya bi shi. Sauran duk suka tsaya, ba don sun yarda da ni ba, sai don Baba yana zaune yana kallo, kuma ba wanda zai iya ɗauke rago daga gabansa. A cikinsu har da Iya Salamatu, wata bazawara mai sayar da ƙosai a bakin layi. Tunda mijinta ya rasu ba ta sami yin layya ba sai wannan shekarar, da wani ɗan rago da ta yi kiwonsa da hannunta a bayan ɗaki. Ta ce mini, "Ɗana, nawa ka sa shi kusa da na Alhaji babanka, ya sami albarka."

Na kunna wuta. Da farko ta ƙi, ta yi ta tsiyayar ruwa tana huci, wani hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe layin, mai ɗaci har a maƙogwaro. Can da ta bushe kanta sai ta kama gaba ɗaya, ta tashi sama ta fi ni tsawo (ba wani tsawon kirki gare ni ba, amma dai). Harshenta ya riƙa lasar ragunan, kitse yana ɗiga yana ƙara mata ƙarfi. Kafin in juya, ta cinye ta zube ta zama toka, ba garwashi ko na shayi. Sai in sake zuba ɗanye, hayaƙi ya sake tashi, wuta ta sake haukacewa. Haka na wuni, ina zufa ina tari ina ba da umarni.

Tun tashin hayaƙin farko Baba ya fara buga sandarsa a ƙasa. Yana bugawa yana gurnani, yana nuna tulin itacen da haɓarsa, yana nuna ƙofar Kawu Isa. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya karkace. Wani ya ce a hankali, "Alhaji na magana fa."

A nan ne na yi abin da ya fi ƙona ragunan muni. Na san abin da yake faɗa. Wallahi na sani, ko jariri ya gane. Amma mutane suna kallona, sai na ɗaga murya na ce, "Hayaƙi ne ya dame shi. Ku kama mini mu shigar da shi ciki." Muka ɗaga kujerar yana buga sanda a ƙafarta, muka kai shi ɗaki, na jawo ƙofa. Mutumin da na ce ba za a ɗauke wa wuta ba, ni na ɗauke shi daga gaban wutar.

Da yamma ragunan sun yi baƙi ƙirin suna ƙyalli. Na ce wa kowa ai haka ake so, ɓawo ne, ciki na nan lafiya. Kowa ya ɗauki nasa ba tare da ya ce mini sannu ba. Daga can ƙofar Kawu Isa kuwa wata 'yar wuta ce ke ci shiru, ba hayaƙi, ragonsa da na gidan da ya bi shi sun yi ja kamar an shafa musu man ja.

Washegari da safe, kamar yadda aka saba, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofarmu, kowa ya kawo nasa a yanka a gaban jama'a. Mata suna tsaye da kwanonin rabo, baƙi daga wasu unguwanni sun zo karɓar nasu. An kwana da zafi mai danshi, irin na kafin ruwa. Iya Salamatu ce ta fara miƙo nata, ta ce mai wuta ya sa wuƙa.

Na sa wuƙa a cinya. Ɓawon ya fashe, wani ruwa ya biyo, sai wari. Ba zan kwatanta shi ba. Matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe hanci. Daga waje gawayi ne, daga ciki ɗanye ne, kusa da ƙashi har ya fara kore. Na yanki gefen haƙarƙari inda ya yi kamar ya gasu, na jefa a baki don in nuna wa mutane da sauran abin ci. Ɗacin dogon yaro ya kama mini harshe kamar na tauna maganin zazzaɓi. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa ina murmushi, ya ƙi wucewa, na juya na amayar da shi a gaban kowa, a kan baƙar ƙasar nan ta Baba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Aka buɗe na biyu, aka buɗe na uku, duk labari ɗaya. Iya Salamatu ta durƙusa ta dafa ragonta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Na riga na faɗa wa 'yan'uwan marigayi su aiko yara bana." Ta tattara kwanoninta babu komai a ciki ta tafi.

A babur ɗina aka loda ragunan, ni na kai su bayan gari na haƙa rami. Da na dawo na tarar Kawu Isa ya yanka nasa ƙanana-ƙanana ya bi gida-gida da su, har da namu. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta shiga ta tsinka wa Baba a baki. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya tauna a hankali, ya gane itacen da aka gasa shi da shi, na ga alama a fuskarsa. Bai dube ni ba, kuma bai buga sanda ba.

Baba bai ga wata Sallar ba. Wuta ta koma ƙofar Kawu Isa, ba wanda ya yi shawara, ba wanda ya nemi izini, kuma can take har yau. A Zongo kuwa sunana ya ɓace, yara da manya Dogon Yaro suke kirana, har wasu baƙi suna zaton zolayar gajartata ake yi. Ina amsawa. Iya Salamatu tana gaishe ni kullum da fara'a, ni kuma ina zagayawa ta bayan layi don kada in bi ta gaban kaskonta.

Yanzu na san itace. Kowace shekara ni ke ɗaukar Kawu Isa a babur zuwa bayan Tangin, ina iya bambance marke da ƙirya ido rufe, na san amon busasshen gungume, na san abin da ya kai cinya da abin da ya tsaya a dantse. Ilimin ya zo cif, sai dai ba wanda zai sake ba ni ko ashana ran Sallah. Aikina riƙe tasar tarar kitse.

Baƙin wurin nan na ƙofarmu damina ta wanke shi, bara har ciyawa ta fito. Inna ta daina share shi. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba: itacen kyauta a bar wa mai dafa ruwan wanka, kuma in tsoho ya buga sanda yana nuna itace, itacen ake ɗaukewa, ba tsohon ba.