Yadda Ake Kai Sabuwar Mota Sabis Ɗin Farko, Bisa Tsarin Malam Mika'ilu

Barka da arziki, ka yi mota. Saura sabis ɗin farko, wanda ake yi kyauta idan ta cika kilomita dubu. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan bi da bi, na ba ka tabbaci ba wanda ba zai ji labarin motarka ba, daga kasuwar Lafia har Shabu. An gwada su an gani. Malam Mika'ilu Ɗanmusa, jami'in gona, shi ya bi su a daminar 1982, lokacin da ya ɗauko Fijo fara sol daga Jos.

1. Kada ka karanta littafin mota

Littafi na masu shakkar kansu ne. Mika'ilu ya buɗe nasa, ya ga inda aka rubuta sabis kyauta, ya ja layi a ƙarƙashi, ya jefa shi ƙasan akwati. Sauran shafukan, masu maganar ruwa da baƙin mai da iskar taya, an rubuta su ne don direbobin haya.

2. Yi mata ado

Bar ledar kujeru yadda ta zo. Suwaibatu, matar Mika'ilu, ta yi ta ƙorafin cewa a zafin Lafia ledar tana manne wa mutum a baya, sai ya ce mata ta riƙa tafiya da tawul. Sannan ka samo ƙyalle mai gashi ka shimfiɗa a gaban mota, ya sauko ya rufe alluran nan masu motsi, don ɗauke hankalin direba kawai suke yi. Mika'ilu ya huda ƙaramar kafa daidai inda kilomita ke nunawa. Abin da ya shafe shi ke nan.

3. Nemi mashawarcin da bai taɓa riƙe sitiyari ba

Mai mota yana da hassada, bakanike yana da kwaɗayi. Wanda zai gaya maka gaskiya shi ne wanda ba shi da ko keke. Na Mika'ilu shi ne Abdulrahaman, akawun ofishinsu, wanda ya san komai game da mota saboda ya taɓa zama a gaban wata mota daga Makurdi. A layinsu kuwa akwai Tyav, bakanike mai shekara ashirin a ƙarƙashin motoci. Mika'ilu ya daina amsa gaisuwarsa sosai, don kada ya saba.

4. Yi tattalin kilomita, musamman a kan dangi

Nan ne ake gane mai mota na gaske. Zuwa Jos kaɗai zai ci fiye da ɗari biyu, don haka abin da ya rage ba na rabo ba ne. Zagaya gari da la'asar, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje, wannan dole ne, injin yana buƙatar motsa jini. Amma kai mutum wani wuri ɓarna ce.

Wata Talata da hantsi Kawu Ya'akubu, yayan mahaifiyar Mika'ilu, ya iso daga Arikya a kan keke, rigarsa jiƙe da gumi. Ya bar matarsa Batulu kwance, kwana uku ba ta iya tashi, yana so a ɗauko ta zuwa asibiti. Mika'ilu ya sa aka kawo masa ruwa, ya jajanta ƙwarai, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla: hanyar Arikya duk laka ce, motar ba ta gama horuwa ba, kuma in ta wuce dubu kafin Jos, kyautar ta faɗi. Har ya kai shi ya leƙa kafar nan ya ga lambobin da idonsa.

Tsohon ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Mika'ilu, shekara bakwai ina goya ka a keken nan zuwa firamare. Da yana da irin wannan agogon, da ban san me zai nuna ba."

Bai ƙarasa ruwan ba ya fita. A bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gyaɗa, aka kawo Batulu. Ta yi sati biyu a asibiti, Allah ya ba ta lafiya. Kawu bai sake taka gidan ba, doyar da yake aikowa duk kaka ita ma ta daina zuwa. Kada wannan ya dame ka. An tsira da kilomita masu yawa, doya kuwa akwai ta a kasuwa.

5. Gyara ta kafin masu gyara su gani

Ba a kai mota sabis da datti, kunya ce. Ana gobe tafiya, Abdulrahaman ya zo suka buɗe bonet a karon farko. Ya kwance murfin lagireto, ya ga ruwan ciki kore ne, ya girgiza kai ya ce ruwan nan ya yi gansakuka, in mutanen Jos suka gani za su ce ba a kula. Suka lalubo makunnin ƙasa da ke toshe ruwan, suka tsiyaye shi tas, suka ɗura na rijiya mai sanyi. Abdulrahaman ya ɗaure makunnin da yatsu biyu, don a cewarsa sabon ƙarfe ba ya son ƙarfi.

Tyav ya zo wucewa, ya tsaya, ya duƙa. "Oga, motarka yana fitsari fa. Bari in ɗaure maka, ba kuɗi."

Mika'ilu ya ce ruwan wanki ne ke ɗiga, kuma motar ba ta garejin bakin titi ba ce. In bakanike ya ce maka ba kuɗi, ka ƙara tsorata.

6. Ranar tafiya, kada ka saurari kowa, har motar

Sa babbar riga. Mika'ilu ya sa shuɗiya mai aiki, ya ɗauki Suwaibatu don ta ga Jos, suka kama hanya bayan karin kumallo. Sun wuce Shabu ta ce tana jin ƙauri. Ya ce ƙamshin sabunta ne. Da suka fara hawan duwatsun da ke gaban Akwanga, injin ya soma ƙara kamar ana dakan ƙarfe a turmi, sai ya ƙara muryar rediyo. Ta miƙa hannu ta ɗaga ƙyallen mai gashi, ta ga allura ta kwanta a kan ja, fitila tana ci. Ta tambaye shi ko haka ake so. Bai kai ga amsawa ba tururi ya turnuƙe gilashi, motar ta yi tari biyu ta tsaya.

Kafar ta nuna ɗari takwas da sittin. Ka lura da kyau: bai wuce dubu ba.

7. Nemi haƙƙinka

Wata gingimari mai ɗauke da doya ce ta ja su da igiya har Jos. A gareji Mika'ilu ya ajiye takardarsa a tebur ya ce ya zo sabis kyauta. Shugaban makanikai ya buɗe bonet, ya taɓa makunnin nan ya zo masa a hannu, ya tambaya wa ya taɓa wurin. Mika'ilu ya ce wani ƙwararre ne. Mutumin ya ce sabis kam kyauta ne, za su sauya baƙin mai yanzun nan in yana so, amma injin ya riga ya dahu, kuma wannan girkin ba nasu ba ne. Sabo sai an yi oda, sai kuma Mika'ilu ya nemo abin biya.

Suka shiga bas ɗin komawa. Da Suwaibatu ta zauna a kujerar katako, sai ta ce aƙalla wannan ba ta manne wa mutum.

8. Shirya abin faɗa wa jama'a

Kada ka ce ta lalace. Mika'ilu ya shaida wa ofis cewa an riƙe ta ne don sabis na musamman, irin wanda ba kowace mota ake yi wa ba. Abdulrahaman ya tabbatar da cewa ya san irinsa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da mota, ba shi da lasin, kuma bai san inda lagireto yake ba sai da aka nuna masa. In injinka ya buga, ko kawunka ya daina gaishe ka, ba da yawuna ba, kada a zo mini gida. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi Malam Mika'ilu da kansa. Ana samunsa kullum ƙarfe bakwai na safe a bakin titi yana jiran abin hawa. Ba zai ɓace maka ba: shi ne mai kaɗa makullin mota a yatsa.