Shugaban Zauren Masara na Tara

Ana ta yaɗawa a tashar Dayi wai taubashina Alhaji Maitama ya saye intanet ɗin Funtua kaf, ya ɗaure ta a bayan rumbu. Ƙarya ne, jama'a, ku ji tsoron Allah. Zaure ɗaya tak ya buɗe a waya, Zauren Manoman Masara. Shi ne na tara mai wannan suna tsakanin Dandume da Malumfashi, kuma babu wanda ke jin abin da ake faɗa a ɗayan.

Da can a na Mahuta yake, inda Malam Sanda malamin gona ke amsa tambayoyi. Sai wani mara kunya ya rubuta "Maitama" haka tsirara, babu Alhaji. Ranar ya fice, ya toshe su duka.

"Irina ba a sa shi a zaure," in ji shi. "Shi ke sa mutane."

Ya kuwa sa. Mu huɗu ne: shi, da shi kuma a tsohuwar wayarsa, da Hajiya Adawiyya matarsa wadda har yau ba ta san tana ciki ba, sai ni. Kowace safiya Shugaba zai yi wa al'umma jawabin minti goma sha biyu, tsohuwar waya ta amsa, "Allah ya ja zamaninka."

Sai tsutsa ta faɗa wa masararsa, abincin shekara guda. Ya ɗora hoton ganyen da ya zama rariya, ya rubuta, "Masana su yi bayani." Kwana uku masana shiru. A na huɗu tsohuwar waya ta ce, "Allah ya kyauta."

Alhali tun mako biyu da suka wuce Malam Sanda ya faɗa wa 'yan zauren Mahuta, har da ni, maganin da za a fesa. Na samu Shugaba a gona na ce zan turo masa.

"Ba na karɓar saƙon zauren da ban amince da shi ba. Rarrabuwa ce ta kashe manomi. Gobe zan buɗe Haɗaɗɗen Zaure, duk su dawo ƙarƙashina."

"Na goma ke nan, ranka ya daɗe. Kafin su taru tsutsa ta kai kara. Ko ita ma za a sa ta? Ita kaɗai ke zuwa kullum."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara hula.

"Tsutsa ta san gonar manya. Kai da babu zauren da ba ka ciki, ta leƙa taka ta koma da yunwa."