Akwatin Ƙwan Gidan Mushe Andarawus Ya Riga Mu

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, Mushe (wato Malam) Andarawus, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, a Dogon Dutsi, yana sanar da dangi da maƙwabta da ƴan'uwa na majami'a cewa akwatin ƙwan kajinsa ya rasu, yana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki. Masu dariya su yi abarsu, ya yafe musu tun yanzu. Shi dai rashi ya yi, kuma ya ce a faɗa.

An haifi marigayin a rumfar wani kafinta a kasuwar Kore Mairuwa. Lea, matar Mushe, ita ta tsaya a kan kafintan har ya yi shi yadda take so: ɗaki huɗu, rufi mai gangara don kada kaza ta hau ta yi kashi, da ɗan katako a baki mai tare ƙaiƙayi. Ƙasan kowane ɗaki kuwa zarewa ake yi, a zubar, a wanke, a mayar. Ranar da aka kawo shi a kan amalanke, matan unguwa sun zo kallo, suna cewa kajin Lea sun fi masu gida jin daɗi.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Bai taɓa fasa ƙwai ba, bai taɓa miƙa shi ga gafiya ba. Ba shi da yawan magana. In an zare ƙasansa yakan ce ƙiii, in an mayar ya ce ƙwas, shi ke nan. Da wannan ƙiii ɗin gidan yake sanin Asabar ta yi, don ranar ce Lea take zubar da tsohon ƙaiƙayi a gona, ta goge katakon da ruwan zafi da sabulu, ta shanya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa ganyen bedi, wato dogon yaro.

Amma akwai abin da ya fi wannan, kuma shi ne dalilin sanarwar nan. Mushe ya yi shekara talatin yana koya wa ƴaƴan mutane karatu, bai taɓa zama ya koya wa matarsa ba. Kullum sai an yi hutu, hutun kuma ya zo ya wuce. Sai da ta haura hamsin ta shiga ajin mata na majami'a ta koya da kanta. Ba ta taɓa rubuta wasiƙa ba. Abin da ta rubuta duk a duniya yana bayan akwatin nan: sunan kowace kaza da ranar da ta kwanta a kan ƙwai, da guntun allin da ta tsinta a aljihun mijinta, manyan baƙaƙe masu karkata. Da ta rasu shekara uku da suka wuce, nan kaɗai hannunta ya saura.

Mushe ya ɗauki aikin Asabar bai fasa ko sau ɗaya ba. Maƙwabciyarsa Habsatu takan leƙo ta katanga ta tsokane shi, wai namiji da gemu ya zama uwar kaji. Yakan wanke ko'ina tas, amma ban da bayan. Ya jingina shi da bango don kada ruwan sama ya taɓa allin, bai ƙara matsar da shi ba, bai ƙara barin rana ta gan shi ba.

Daga nan cutar ajali ta shiga. Ƙuma ta samu wuri tsakanin katako da bango, ta yi gari a cikin tsagogin, tana fitowa tana shan jinin kajin da ke kwance. Tun farkon damina kajin suka fara ramewa, tukkunsu ya koɗe. Wata kaza mai suna Ƴar Kieshe ta tashi daga kan ƙwai tara saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe, ta ƙi komawa. Aka kira Jibrilla, likitan dabbobi. Ya ja akwatin daga bango, ya duba, ya yi salati. Ya ba da garin magani har sau biyu, ƙumar ta yi kamar ta tafi, ta dawo. A karo na uku ya faɗi gaskiya, cewa katakon ya ruɓe ta ciki, magani ba ya kaiwa inda ƙumar take, sai wuta.

Mushe ya ce zai yi tunani. Sati biyu yana tunanin nan, kuma ya ce a rubuta wannan ba tare da an rage ba: a cikin sati biyun kaji uku suka mutu. Ta ƙarshe ita ce Gajera, tsohuwar kazar da Lea ta raina da hannunta, wadda ba sauran irinta. Da safe ya same ta a ɗaki na biyu, ta bushe a kan ƙwanta, fukafukinta a buɗe. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ranar aka yi masa rasuwar Lea. Ya san ba ƙuma kaɗai ta kashe ta ba.

Ɗiyarsa Judit ta zo daga Doso ta ɗauki hoton rubutun da salula. Ya karɓa, ya duba, ya yi mata godiya, ya miƙa mata abarta.

Marigayin ya bar kaji shida, duk jikokin waɗanda ya raina, da zakara ɗaya mai suna Kwamanda wanda bai san an yi rasuwa ba. Ya bar magada huɗu, bidunan roba, wato jarkoki, da Habsatu ta yanke da wuƙa ta kawo ba tare da ta yi tsokana ba. Ba su da tsaga, ana wanke su ciki da baya a ɗan lokaci, kuma jiya an samu ƙwai biyu a ciki. Mushe bai ce ba su da kirki ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gonar bayan gida. Iyalin suna neman afuwa, sun san ƙona mamaci ba al'adar Kirista ba ce, ba ta Musulmi ba, amma likita ya ce binnewa ba ta isa. Masu kaji su tsaya nesa, su kakkaɓe tufafinsu kafin su koma gida. Ba zaman makoki, kuma kada a kawo kaza da sunan gaisuwa.

Za a kifa marigayin, bayansa ya dubi sama. Mushe zai karanta sunayen da ke jiki ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har na ƙarshe, sannan ya ƙyasta ashana da kansa. Yana roƙon duk wanda zai zo ya yi masa alfarma ɗaya: kada kowa ya ce masa ai katako ne kawai.