Sifirin Fatar Sa

Lokacin da Turawa suka share hanyar Jega, ni ke tuƙa a-kori-kurar wani attajirin Aliero. Sifirinta, ƙarfen nan da ke riƙe nauyin mota bisa taya, ya saki ana gobe kasuwa, ni kuwa ba ni iya jiran maƙeri. Na naɗe shi da ɗanyar fatar bijimin sa, ta bushe tamau, na lafta albasa har sama.

Maigida ya ce, "Ka dai tuna akwai gulbi gaba."

Na ce, "Hwata ta hi ƙarhe, maigida."

A tsakiyar mashigi fatar ta jiƙe ta saki, mota ta durƙusa. Albasa ta bi ruwa, masu wanki suna ta tsinta.

Har yau in hadari ya taso, sai mahautan Jega su ce, "Direba, shigad da motakka ɗaki, kada ta jiƙe."